Makaɗan rok na da da na yanzu: ina bambancin yake?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko makaɗan gangar rok na shekarun 1970 sun fi na yanzu iyawa, tunda tsofaffin faya-fayai sun fi yi maka daɗi. Kunnenka bai yaudare ka ba. Sai dai a ganina hannun makaɗa na nan da ƙarfinsa, yadda ake naɗar kiɗan ne ya sauya.

Ɗauki John Bonham na ƙungiyar Led Zeppelin. Wajen naɗar wata waƙa ta faifansu na 1971, an jera gangunansa a zauren wani tsohon gida mai suna Headley Grange a Ingila, aka rataye makirufo biyu can saman bene. Abin da ya buga shi kake ji, har da amon ginin. Yakan ɗan ja bugun baya kaɗan, ya matsa gaba idan waƙa ta yi zafi, mai jita da mawaƙi su bi sawunsa, kamar yadda mai kalangu da mai rawa ke karantar juna a fili. Wannan numfashin ne ke kama zuciyata. Da ya rasu a 1980 yana ɗan shekara 32, sauran ukun suka rushe ƙungiyar, don babu mai zama gurbinsa.

To ka ajiye shi kusa da makaɗin yanzu Tomas Haake na ƙungiyar Meshuggah daga Suwidin. Abin da ƙafafunsa biyu ke yi a kan babbar ganga, da lissafin da yake riƙewa a ka alhali hannunsa na kan wani bugun daban, ya zarce abin da aka saba ji a zamanin Bonham. A gudu da daidaito, na yanzu sun yi gaba, ba na jayayya.

Tsakaninsu na'ura mai buga kiɗan ganga da kanta ce ta shigo. Roland TR-808 ta fito a 1980, LinnDrum a 1982, kunnen jama'a ya saba da bugun da ba ya kaucewa. Yau makaɗi a situdiyo yana da ƙaramar ƙara a kunne tana ƙirga masa lokaci, bayan ya tashi kuma injiniya ya zauna gaban kwamfuta ya gyara duk bugun da ya goce, wani lokacin ma ya musanya amon gangar da wani. Gwani da ɗan koyo sai su fito kusan iri ɗaya, abin da ke ba ni takaici ke nan.

Idan kana son auna su da adalci, nemi bidiyon wasansu a gaban jama'a ka kalli hannu da ƙafa, ka bar faifan situdiyo tukuna.