Kulob ɗin gwamnati ko na magoya baya: wanne za a bi?

A gidan kallon ƙwallo ana yawan tambayata wanne ya fi dacewa a goya wa baya, kulob irin PSG da Newcastle da kuɗin gwamnati ke riƙe da su, ko irin Barcelona da Bayern Munich da mambobi ke da ta-cewa.

Ta fuskar kuɗi babu haɗi. Wani kamfanin gwamnatin Qatar ya sayi PSG a 2011, a 2017 ya biya Yuro miliyan 222 kan Neymar. Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya karɓi Newcastle a 2021, a 2025 suka ci kofin gida na farko cikin shekara 70. Ita kuwa Barcelona, bashi ya sa ta rabu da Messi a 2021.

Abin da ke damuna shi ne haƙƙin ɗan Adam. An kashe ɗan jarida Jamal Khashoggi a ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul a 2018, kuma leburori baƙi sun sha wuya a Qatar ƙarƙashin tsarin kafala, wanda ya ɗaure ma'aikaci ga ubangidansa. Ƙungiyar Amnesty ta ce ana wanke suna ne da ƙwallo, ni ma haka na gani. Kuma ranar da mai mulki ya janye hannu, magoya baya ba su da ƙuri'a. A Barcelona mambobi ke zaɓen shugaba. A Jamus, ƙasar Bayern, dokar 50+1 ta bar wa mambobi rinjayen ƙuri'a a kulob.

Mai son manyan 'yan wasa da kofuna nan kusa, wanda ke iya raba wasa da mai kulob, na gwamnati zai yi masa. Wanda asalin kuɗin ke hana shi barci, kuma zai jure shekarun rashin kofi, ya bi na mambobi.