Yadda Asibitin Dabbobi Ya Duba Zomanyata

Makonni uku da suka wuce na lura zomanyata tana shanye ruwan kaskonta tun kafin azahar, cikinta kuma yana ƙugi har ina jinsa idan na ɗauke ta, kashinta ya ƙanƙance ya bushe. Hankalina ya tashi, na kai ta wani asibitin dabbobi a Zariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai yi gaggawar rubuta magani ba. Ya auna nauyinta, ya taɓa cikin a hankali, ya haska bakinta ya duba turamenta, sannan ya tambaye ni abin da nake ba ta. Da na ce dusa ce da ragowar burodi, sai ya bayyana mini cewa hanjin zomo ba ya tafiya daidai sai da ciyawa da harawa, kuma rashinsu ne ke tara iska a ciki. Ya ce zomo kan sha ruwa mililita 50 zuwa 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, abin da ya zarce haka kuwa yana iya nuna ciwon ƙoda ko na haƙori. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in ɗura mata amoxicillin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin yana kashe zomaye.

Ƙorafina shi ne jira: mun shafe awa biyu a rumfa ɗaya da karnuka masu haushi, zomanyar tana makyarkyata a kwali. Ya kamata su ware wa ƙananan dabbobi wuri.

Yanzu ƙugin ya lafa, tana cin harawar gyaɗa sosai.