Burj Khalifa: hawa na 124 aka kai ni, kuɗin 148 na biya

Duk wanda zai hau Burj Khalifa, dogon benen nan na Dubai, don Allah kada ya sayi tikiti a hannun dillalan nan da ke zagaya masaukan 'yan kasuwa a unguwar Deira. Wani bawan Allah mai zaƙin baki ya rantse mana cewa nasa tikitin har hawa na 148 yake kai mutum, inda ake tarbar baƙi da dabino da gahawa. Muka biya kuɗin 148 cif. Sai da muka sauka daga jirgin ƙasa na metro, muka sha doguwar gadar nan mai shiga babbar kasuwar Dubai Mall, muka gangara ƙasa inda ƙofar take, sannan yarinyar da ke duba tikiti ta nuna mana da yatsa, cikin ladabi: 124 da 125. Na kira lambarsa, a kashe. Abokin tafiyata, ɗan kwangilar gini ne a Kano, ya ce, "Alhaji, tunda mun zo, mu hau wanda Allah ya ba mu." Ni dai raina a ɓace na shiga lifta.

Liftar tana gudun mita 10 a daƙiƙa ɗaya, kusan minti guda ke nan zuwa sama. Ba ka jin motsi, kunne ne kawai ke toshewa. Ban gama gunaguni ba ƙofa ta buɗe.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne magariba. Muna tsaye a farfajiyar waje ta hawa na 124, mita 452 daga ƙasa, iska na kaɗa min babbar riga, sai wayar da ke aljihuna ta fara kiran salla. Na ɗaga kai, ga rana nan ja wur a saman teku, ba ta faɗi ba. Na leƙa ƙasa, unguwanni sun fara duhu, fitilun motoci sun yi layi a titin Sheikh Zayed. Na ce wayar ce ta rikice. Abokina ya duba tasa, ita ma magariba ta nuna. Muka tsaya muna kallon ranar har ta nutse, wajen minti biyu ko uku bayan mutanen ƙasa sun yi nasu kiran. Ashe abin sananne ne a garin: tun 2011 malaman Dubai suka ba da fatawa cewa a watan azumi mazauna sama da hawa na 80 su ƙara minti biyu kafin su sha ruwa, na sama da hawa na 150 kuma minti uku. Gini ɗaya, lokacin buɗa baki uku. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi, na manta da dillali, na ce ko nan aka tsaya kuɗina ya fita.

A hanyar fita akwai hotuna da bayanan yadda aka yi aikin, kuma nan abokina ya kafe, ya ƙi tafiya. Shi ba tsayin mita 828 ne ya dame shi ba, kankare ne. An fara aikin a 2004, aka buɗe a ranar 4 ga Janairun 2010. Ƙasar wurin ba dutse mai ƙarfi ba ce, sai aka dasa ginshiƙai kusan 200, kowanne ya nutse wajen mita 50, aka ɗora musu dakalin kankare mai kaurin mita 3.7. Saboda zafin Dubai, da rani sai dare ake zuba kankare, har ƙanƙara ake sa wa a kwaɓin don kada ya bushe da wuri ya tsage. Da inji aka riƙa tura shi ta bututu har sama da mita 600. Abokina ya riƙe baki, ya ce shi da yake fama da leburori a kan kwanon siminti zuwa hawa na biyu. Ya kuma nuna min siffar ginin daga sama: fukafukai uku ne suka tokare cibiya ɗaya, kamar duwatsun murhu, kowanne na riƙe da sauran. Kuma yana hawa yana sirancewa a karkace, don iska ta rasa inda za ta kama shi. Adrian Smith ne ya zana, daga wani kamfanin Chicago a Amurka, Samsung na Koriya ta Kudu ya jagoranci ginawa, amma hannayen da suka ɗaura rodin yawancinsu talakawan Indiya da Pakistan da Bangladesh ne, waɗanda a 2006 har bore suka yi kan albashi. Sunan ginin na farko ma Burj Dubai ne. Ranar buɗewa aka mayar da shi Khalifa, don girmama Sheikh Khalifa, sarkin Abu Dhabi na lokacin, da ya ceci Dubai daga bashi.

To a nan ne kuma takaicin ya dawo min sabo. Bayanin ya nuna hawa 163 ne, kuma 148 ɗin da na biya yana mita 555, sama da mita 100 ke nan a kan inda aka tsayar da ni. Da na san abin da na rasa sai na ji kamar yanzu aka cuce ni. Faɗuwar ranar da zan ƙara kallo na wasu daƙiƙoƙi, wani ya cinye ta a aljihunsa. Allah ya isa kawai zan ce.

Wurin ya cancanci zuwa, amma ku sayi tikiti da kanku a shafinsu na intanet, ku karanta lambar hawan da kyau. Lokacin faɗuwar rana ya fi tsada kuma ya fi cunkoso, duk da haka shi za ku zaɓa. Ku yi la'asar a masallacin cikin kasuwar kafin ku shiga layi, kuma in kun ga garin ya yi hazo ku ɗaga zuwa wata rana, don ko tekun ba za ku hango ba.