Agneepath na 2012: Sabon Ɗinki a Kan Tsohon Yadi

Idan ka je shagon masu tura fina-finai ka ce a sa maka Agneepath, ka faɗi shekara ko sunan jarumi, domin fim biyu ne masu suna ɗaya, kamfani ɗaya, kuma kowanne ya kusa awa uku. Na farko ya fito a 1990, Mukul Anand ya ba da umarni, Yash Johar ya zuba kuɗi, Amitabh Bachchan ya fito a matsayin Vijay Dinanath Chauhan. Na biyu ya fito ranar 26 ga Janairu 2012, ɗan Yash ɗin, Karan Johar, ya ɗauki nauyi, Karan Malhotra ya ba da umarni a karonsa na farko, Hrithik Roshan ya gaji rigar Vijay.

Abin da ya sa masoyan tsohon suka tayar da jijiyar wuya tun kafin su ga sabon, sai an koma yadda tsohon ya samu darajarsa. Bai yi kasuwa ba a sinima. Amitabh ya sauya muryarsa ya mayar da ita shaƙaƙƙiya, mai kaushi kamar ta wanda mura ta kama, 'yan kallo suka ƙi karɓa, har sai da aka sake naɗar maganganunsa da muryar da aka saba ji. Duk da haka ya ci kyautar gwarzon jarumi ta ƙasar Indiya da wannan rawa. Daga baya kaset da talabijin suka raya fim ɗin, matasa suka haddace maganganun da Kader Khan ya rubuta, musamman fitowar da Vijay ke zaune gaban jami'in ɗan sanda Gaitonde yana jero cikakken sunansa, da na mahaifinsa, da na mahaifiyarsa, da garinsu, da shekarunsa. Mutanen da suka tsamo fim daga kwandon shara da hannunsu ba sa yarda a taɓa shi da sauƙi. Ga kuma abin da ya faru a 2007, da Ram Gopal Varma ya sake ɗinka Sholay ya faɗi warwas, wanda ya ƙara musu hujja.

Hukuncina a kan na 2012 shi ne ya tsira, kuma ya tsira ne saboda ya ƙi kwaikwayon Amitabh. Vijay na 1990 mai baki ne, da farar kwat da kwalli a ido, magana ce makaminsa. Vijay na Hrithik shiru-shiru ne, ido jajur, yana tafiya cikin lungunan unguwar Dongri ta Mumbai kamar mai ɗauke da gawa a kafaɗa. Ko sunan nan da ake jira, an ɓoye shi sai can cikin fim, ya faɗe shi a tsakiyar faɗa, jini na zuba. Masu cewa "ai bai kai Amita ba" sun yi gaskiya a kan lafazi, sai dai ba a fagen lafazi aka sa shi ya yi takara ba.

Nauyin da aka ɗauke daga bakin jarumi an ɗora shi a kan bosawa, kuma nan ne kuɗinka ko datarka za ta biya. Kancha na Danny Denzongpa ɗan gayu ne mai tabarau, mugunta cikin natsuwa. Kancha na Sanjay Dutt ƙato ne mai ƙwalƙwal ɗin kai, ba gira, baƙaƙen kaya, yana dariya yana jan malamin makaranta, mahaifin Vijay, zuwa gindin wata katuwar bishiya mai kama da cediya ya rataye shi a gaban ɗansa. An kuma gyara dalilin rigimar yadda zai fi zama a kai: Kancha na son gonakin tsibirin Mandwa don harkar hodar iblis, malamin na jan hankalin mutane su riƙe ƙasarsu su bunƙasa sana'ar gishiri, sai aka ƙulla masa sharrin lalata da ɗalibarsa.

Sai Rauf Lala, wanda babu shi sam a tsohon. Rishi Kapoor ne ya hau rawar, bayan ya fara ƙin karɓa. Tsofaffin 'yan kallon sinima a Kano, waɗanda suka laƙaba wa Sanjay Dutt "Ɗan daba mai lasin", shi Rishi "Mace" suke kiransa. To wannan mutumin ne ya fito da hula da kwalli, mahauci a fili, dillalin ƙwaya da 'yan mata a ɓoye, yana riƙe da hannun yarinya ƙarama yana yi mata ciniki a gaban taron maza kamar akuya a kara. Fitowar tana tayar da tsigar jiki, kuma ita kaɗai ta isa ta nuna cewa masu fim ɗin sun zo da nasu.

Inda masoyan tsohon suke da cikakkiyar gaskiya shi ne cire Krishnan Iyer M.A., mai sayar da ruwan kwakwa da Mithun Chakraborty ya fito a matsayinsa. Ba barkwanci kawai yake kawowa ba. Shi ne talaka mai ilimi da ya zaɓi halal, madubin da ake duba Vijay a ciki a ga nisan da ya yi daga tarbiyyar mahaifinsa. Da aka cire shi, fim ɗin ya zama duhu a kan duhu na kusan awa uku, babu wurin shan iska. An so Kaali, wato Priyanka Chopra, ta cike gurbin, amma ba a rubuta mata abin da zai riƙe ta ba, soyayyarsu tana zuwa a gutsure. Faɗan ƙarshe ma ya wuce gona da iri: an soki Vijay da wuƙa sau da dama, ya tashi ya ɗaga ƙaton mutum kamar Kancha. Kiɗan Ajay-Atul yana da ƙarfi, gangunan bikin Ganesha, abin bautar Hindu, sun dace da kisan da ake shiryawa a cikin taron, amma rawar Katrina Kaif a waƙar Chikni Chameli talla ce aka manna, ba ta ciyar da labari gaba. Kasuwa dai ta karɓa, domin ya kafa tarihin kuɗin ranar farko a Indiya a lokacinsa, abin da na mahaifin Karan bai samu ba.

Wajen kallo akwai abubuwan kiyayewa. An ɗauki Mandwa ta 2012 cikin toka-toka da duhu da gangan, don haka kwafin da aka matse sosai don ya shiga waya yana farfashewa a fitowar dare, fuskar Kancha ta koma dunƙulen baƙi. Ka nemi akalla 720p, wanda zai ci wajen gig ɗaya ko fiye. Ka duba tsawon fim ɗin kafin ka bar shago, idan ya gaza awa biyu da rabi an yanke shi. Sabon yana jure fassarar Hausa, tunda ido da jiki ne ke aikin. Tsohon ba ya jurewa, domin da zarar an ɗora wata murya a kan ta Amitabh, abin da aka yi shekaru ana gardama a kansa ya tafi. Ka kalle shi da harshensa na asali da rubutun fassara a ƙasa, ka saurari fitowar ofishin 'yan sanda don ka gane wace naɗar murya ka samu. Sabon kuwa ba na zaman falo da yara ba ne, saboda ratayar farko, da cinikin 'yan mata, da rawar Katrina.