Ƙaramin injin ƙyanƙyasar ƙwai, daga bakin mai burin gona da bai samu fili ba tukuna

Injin da nake nufi shi ne ƙaramin nan mai cin ƙwan kaza 24, mai murfin roba garai-garai da ake hango ciki, wanda yake juya ƙwai da kansa. Kamfanoni da dama suna yin irinsa, zubi ɗaya, sunan da aka manna a gaba ne kawai ya bambanta, don haka ba zan kama sunan kowa ba. Yana aiki, kuma ban yi da-na-sanin sayensa ba. Sai dai hoton da ke jikin kwalinsa, na wata mata tana murmushi 'yan tsaki sun kewaye ta, bai faɗi ko rabin labarin ba.

Buri ne ya kai ni gare shi. Na daɗe ina son in koma karkara, in samu ɗan fili a kan tudu inda iska take da sanyi-sanyi, in gina ɗaki biyu, awaki uku ko huɗu a turke, kaji da zabi suna kiwo a tsakar gida, zomaye a bayan ɗaki, 'yar gonar ganye kusa da rijiya. Filin bai samu ba. Gidan haya nake zaune a cikin gari, abin da na mallaka ɗan lungu ne a baya wanda akuya ba za ta iya ko juyawa a ciki ba. Cikin akuya ma wata biyar ne, wajen kwana 150, kafin ka ga komai. Ƙwan kaza kuwa kwana 21. Sai na ce bari in fara koyon kiwon daga inda ƙarfina ya kai.

Inda ya fi burge ni shi ne juyin. Kaza mai kwanci tana motsa ƙwanta sau da yawa a wuni don kada ɗan da ke ciki ya manne da jikin ɓawo. Mai yi da hannu dole ya juya aƙalla sau uku kullum har zuwa kwana na 18, wanda kuma yake fita aiki tun safe ba zai iya ba. Wannan injin duk awa biyu sai ka ji ɗan ƙugi, tiren ya karkata a hankali, shi ke nan. Bai taɓa fasa mini ƙwai ba. Yana kuma da waya ta biyu da ake haɗawa da batir mai bolt 12, kuma duk wanda wutarsa ba ta da tabbas kada ya sayi wanda ba shi da ita.

Ma'aunin zafinsa ne ban yarda da shi ba. Abin da ƙwan kaza yake so a injin mai fanka shi ne digiri 37.5 a ma'aunin Celsius, kuma allon gaba kullum 37.5 yake nunawa, cikin natsuwa. Da na sa ma'aunin zafin jiki irin na asibiti a ciki, a tsakiya lissafin ya yi daidai, amma a gefe, kusa da bango, ya gaza da kusan rabin digiri. Rabin digiri a baki ba komai ba ne, amma a ƙwai shi ne yake kai ƙyanƙyasa kwana na 22 ko 23, 'yan tsakin su fito a galabaice. In zafin ya yi yawa kuma su fito da wuri, cibiya ba ta gama rufewa ba. Maganin da na samu shi ne a kunna injin babu ƙwai wuni guda da kwana, a auna kowace kusurwa, sannan lokaci-lokaci a riƙa musanya na gefe da na tsakiya.

Abin da takardar bayanin ba ta faɗa ba ko a layi ɗaya shi ne injin nan ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. In ɗakin da ka ajiye shi ya kai digiri 38 ko 39 da rana tsaka, lambar allo za ta yi ta hawa, ƙararrawa ta yi ta kuka, kuma babu abin da zai iya yi. Ƙwai yana jure sanyi fiye da zafi. Ita kanta kaza tana tashi daga gurbi kullum ta ci abinci ta dawo, kuma ɗauke wuta na 'yan awanni ba ya kashe su. Amma zafin da ya haura digiri 40 ya daɗe, ya gama da su. Injin ya fi jin daɗi a ɗakin da yake tsakanin digiri 20 da 25, inda rana ba ta dukan bango.

Wannan ne ya sa burina na zama a wuri mai sanyi-sanyi ya daina zama na jin daɗin barci kawai. Kaza ba ta gumi. Tsakanin digiri 18 da 24 ta fi sakewa, in ya wuce 30 sai ta buɗe baki tana haki, ta rage ci, ta rage ƙwai, ɓawon ma ya yi laushi. A kan tudu kuwa zafi yana raguwa da wajen digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. To amma kada mai buri irina ya ce sai ƙololuwar dutse. Da an wuce tsayin wajen mita 1,500 kaurin iska yana raguwa, ƙwai ya fi saurin bushewa, kuma yawan waɗanda suke fashewa lafiya yakan ragu. Wuri mai yawan ruwan sama kuma awaki ba sa ƙaunarsa, ga tsutsar ciki ga ciwon kofato. Yanzu tudu matsakaici nake nema, mai magudanar ruwa.

Batun ɗanshi, akwai 'yar kafa a gefe da ake zuba ruwa ba tare da an ɗaga murfi ba, kuma wanda ya ƙirƙiro ta ya kyauta. Ana so ɗanshin ya tsaya kashi 50 zuwa 55 cikin 100 har kwana na 18, sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70. Lambar da injin yake nunawa tana tsalle-tsalle, don haka na fi dogara da ƙwan kansa. A gindinsa mai faɗi akwai gurbin iska da yake girma yayin da ruwa yake fita, domin kafin kwana na 18 ƙwai yana rasa wajen kashi 12 cikin 100 na nauyinsa. In gurbin ya yi ƙanƙanta, ruwa ya yi yawa, in ya yi girma da wuri, a ƙara.

Da tocila ake ganin wannan, a ɗaki mai duhu, daga kwana na 7 zuwa na 10. Za ka ɗora bakin tocilar a gindin ƙwan, gaba ɗayansa ya yi ja, jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, a tsakiya ɗan baƙin ɗigo yana lilo. Wanda ya yi fes babu komai, galibi zakara bai taka uwar ba. Wanda ya yi zoben jini kewaye, ya fara ya mutu. A fitar da su duka, don baragurbi in ya fashe a cikin injin, warin kaɗai ya isa ya kore ka daga ɗakin, ga cutar da zai shafa wa sauran.

Daga kwana na 18 juyi ya tsaya, murfi kuma ba a sake taɓa shi. Nan ne murfin garai-garai yake biyan kuɗinsa. Tun kafin ɓawo ya tsage za ka ji tsiyau-tsiyau daga ciki. Sai ɗan tsini ya ɓullo, sannan shiru, wani lokaci awa 12, wani har 24. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin a taimaka, amma ɗaga murfi yana fitar da ɗanshi, fatar cikin ɓawon ta bushe ta naɗe ɗan tsakon. In ya gama kewaye ɓawon da baki sai ya tura da ƙafa, ya faɗo a jiƙe, ya kwanta kamar ba zai tashi ba. Bayan 'yan awanni ya bushe ya miƙe. Gwaiduwar da ya shanye tana riƙe shi kwana biyu ba ci ba sha, saboda haka babu gaggawar fitar da shi.

Ƙasan injin santsi ne da shi, kuma ɗan tsako in ya yi ta zamewa ƙafafunsa suna buɗewa su ƙi haɗuwa. Ni tsumma mai kaushi nake shimfiɗawa kafin ranar. Wankewa kuwa ita ce babbar matsalarsa. Gashin 'yan tsaki yana shiga fanka, kuma kwanon ƙasa ba ya rabuwa da sashen wuta, sai dai a bi da tsumma da tsohon buroshin haƙori.

Kada a haɗa ƙwai iri-iri a zubi ɗaya. Na zabo kwana 26 zuwa 28 ne, na talotalo 28, na agwagwa 28 ko 35, ya danganta da irinta. A ƙwan zabi ne nake ganin injin zai fi amfani ko bayan na samu fili, tunda zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Na kaza kuwa, uwa tana rufe 10 zuwa 12 ba wuta ba batir, kuma ta yi renon da injin ba ya yi. Shi da ɗan tsako ya bushe ya gama nasa. Sauran naka ne: akwati mai ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage wajen digiri 3 kowane mako, ruwa a kwano mara zurfi don kada su nutse. Kuma kusan rabinsu zakaru ne. Mai zaman gidan haya ya san inda zai kai su kafin su fara cara, don maƙwabta ba su sayi injin tare da shi ba.

In zan sake saye, wanda kwanon ƙasansa yake cirewa zan nema, kuma tare da shi zan sayi ma'aunin zafi na daban.