Ƙauyen dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa na LEGO: da wanne za ka fara, kuma ta ina 'yan jabu ke shigowa

Kusan duk shekara in Oktoba ta kama, kamfanin LEGO na ƙasar Danmak, mai yin kayan wasan da ake ginawa da ƙananan bulon roba, yakan fitar da sabon kwali ɗaya a jerin Winter Village, ƙauyen Turawa ne lokacin sanyi, rufin gidaje duk dusar ƙanƙara, ga 'yan mutane da huluna. Sun fara ne a 2009 da shagon kayan wasa mai lamba 10199, sai gidan burodi a 2010, gidan waya a 2011, haka dai har yau. Wanda zai shigo harkar yanzu ba zai iya kwashe su duka ba, an daina buga tsofaffin kuma kuɗinsu ya haura sosai a hannun masu tarawa, don haka dole ka zaɓa. Ni dai shawarata ɗaya ce, fara da jirgi. Gidaje komai kyansu a tsaye suke, amma da zarar jirgi ya fara zagaye su sai ka ga yara da manya sun bar abin da suke yi sun zo sun tsaya a bakin tebur.

Jirgin da nake nufi shi ne Winter Holiday Train, lamba 10254, wanda ya fito a 2016. Bulo 734 ne kacal a ciki, amma wallahi duk wanda ya tsara shi ya san aikinsa. Kan jirgin kore ne irin mai kwal na da, da manyan tayu ja, har hayaƙin da ke fita ta bututu an gina shi da farin bulo. Bayansa akwai taragon kwal, sai buɗaɗɗen tarago mai ɗauke da bishiya da kayan wasa, sai jan tarago na ƙarshe mai ɗan tebur da kofuna a ciki. Abin da ya fi burge ni shi ne bishiyar nan, an haɗa ta da tayun taragon ta ƙasa ta yadda in jirgi ya motsa ita ma sai ta riƙa juyawa, kuma a gindinta akwai wani mitsitsin jirgi da ke zagayawa tare da ita. Ba batir ba komai, haƙoran giya ne kawai ke wannan aikin. Yana zuwa da lanƙwasassun layin dogo guda 16, su ne ke ba da cikakkiyar da'ira mai faɗin kusan santimita 70, to ka auna teburinka tukuna kafin ka tura kuɗi.

Babu inji a cikin kwalin, wannan kam a sani. An yi shi ne don tsohon tsarin inji na Power Functions da aka daina, yanzu abin da ake sa masa shi ne Powered Up na 2018 mai aiki da Bluetooth: akwatin batir 88009, injin jirgi 88011, da rimot 88010 in ba ka son tuƙa shi da waya. Ƙananan batira AAA guda 6 yake ci. Akwatin yana zama a taragon kwal in ka ɗan sake masa gini, aikin maraice ɗaya ne. In ka samu hali ka haɗa masa da tasharsa ta 2017, lamba 10259, mai bulo 902 da hasumiyar agogo da 'yar bas, don tare aka tsara su kuma tana ƙara maka miƙaƙƙen layi.

Sauran fa? Jirgin jerin LEGO City mai lamba 60337 yana zuwa da inji da rimot duka a kwali, amma jirgin zamani ne mai gudu, bai dace da ƙauye ba sam, sai dai ka saye shi don ka cire injin da layin. Orient Express mai bulo 2540 na ajiyewa ne don ado. Sabon jirgin 2025, lamba 10361, ba laifi kuma ya fi sauƙin samu, amma bai kai min 10254 ba. A ɓangaren gidaje, wanda ba ya son kayan Kirsimeti sosai ya duba Alpine Lodge na 2023, lamba 10325, masauki ne na katako a dutse da murhu mai kunna haske da wajen sulun ƙanƙara.

To ga inda matsalar take. Tunda an daina buga 10254, wanda ya fito a kusan dala 100, shi ne 'yan jabu suka fi so. An taɓa sayar min da shi ta intanet, hoton kwali tsaf, mai kayan yana ta rantse-rantse cewa daga Ingila aka kawo. Ina farke ledar farko wani warin roba ya buge ni, bulon wasu sun matse sai ka sa haƙori kafin su rabu, wasu kuma ko taɓa su ka yi sun zube. Tayun ne suka fi ɓata min rai, ƙarfen cikinsu a karkace yake, jirgin in ya zo kwana sai ya cije ya yi ta ƙara sannan ya sauka daga layi, bishiyar kuwa ko sau ɗaya ba ta juya ba. Maganaɗisun da ke haɗa tarago da tarago ma ba ya riƙo, kan jirgi ya tafi ya bar sauran a baya. Shi ya sa yanzu ni taya nake fara tambaya kafin komai. A gida in bulo bai kama sosai ba za ka iya haƙuri, tunda ba motsi zai yi ba, amma jirgi in taya ta lalace an gama.

Kuma ba ƙaramar sana'a ba ce. An yi wani kamfani mai suna Lepin a Chaina da ya kwashe shekaru yana kwafar kayan LEGO har da zanen kwali, a 2019 'yan sandan Shanghai suka kai samame suka kama kayan da suka kai kusan dala miliyan 30, a 2020 kotu ta ɗaure shugabansu shekara 6. Amma kayan da suka riga suka shiga kasuwa suna nan suna yawo, wasu kuma sun ci gaba da sabbin sunaye. Kar a haɗa su da irin su Cobi na Poland masu yin nasu zanen da sunansu a fili, waɗannan ba su yaudari kowa ba. Wanda nake magana a kai shi ne mai ba ka kura da fatar akuya ya karɓi kuɗin orijina.

Don gane jabu kafin ka saya, ka ce a ɗauko maka hoton bulo ɗaya daga kusa. Na gaske, kowane ɗan tudu da ke samansa an rubuta LEGO a kai, in ka kifa shi kuma yawanci za ka ga 'yar lamba a ciki. In mai kaya ya ce ai kwalin a rufe yake ba zai buɗe ba, to ya nuna maka salatif ɗin bakin kwalin ta kowane gefe, don akwai masu buɗewa su kwashe 'yan mutanen da tayun su cusa tarkace su sake liƙewa. Hoton da aka ɗauko daga shafin kamfani ba hujja ba ce, ka ce ya rubuta sunanka a takarda ya ajiye kusa da kayan ya ɗauka. In kuma ka ga farashi ya yi ƙasa da wanda aka sayar da shi yana sabo, kar ma ka ɓata lokacinka. Ni na fi natsuwa da BrickLink, kasuwar masu tarawa ce da LEGO ta saya a 2019, kana ganin tarihin kowane mai sayarwa da abin da mutane suka faɗa a kansa, sai dai ka lissafa kuɗin dako da na kwastam tun farko don suna iya kusan kamo kuɗin kayan.

Mai sayen na hannu shi ma ya buɗe ido. Ka sa a buɗe akwatin batir a gabanka ko a bidiyo, in ka ga farin gari ko kore-kore a jikin ƙarafunan to batir ya taɓa fashewa a ciki, ka bar shi. Ka duba farin bulon ma, rana tana mayar da shi ruwan ɗorawa, kuma rabin ƙauyen nan fari ne, shi ya sa ba a ajiye shi kusa da taga. Mu da ke fama da ƙurar hunturu sai an riƙa rufe shi da ƙyalle mara nauyi, a goge layin da busasshen tsumma kafin a kunna, sannan a cire batiran duk lokacin da za a mayar da jirgin kwali.