Tiyon fetur ya kusa ƙona min Passat, ga yadda ta kaya da gareji na biyu

Motata Passat ce mai injin 1.8T, ta 2003, irin wadda muke kira Beljiyam. Tun bayan sallah nake jin warin fetur idan na tayar da ita da safe. Makanikin unguwarmu ya duba ya ce tiyon da ke kai mai wajen nozul ne ya bushe ya tsattsage. Ya aiki yaronsa kasuwa, aka kawo baƙin tiyo, ya yanka ya ɗaura da kilif irin mai sukurun nan. Ko awa ɗaya ba a yi ba aka gama, na biya ina ta godiya.

Kwana tara ya yi. Muna hanyar Zariya da maiɗakina da yara uku, daf da Kwanar Dangora, wari ya cika motar har ƙaramar ta fara tari. Na gangara gefen titi na ɗaga bonet. Wallahi abin da na gani har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake. Tiyon ya kumbura kamar tsiran alade, daidai bakin kilif ɗin ya tsage, fetur na tsartuwa siriri kamar allura, ga injin ya ɗau zafi har iska na rawa a kansa. Wanda ya san yadda turbo, na'urar nan da ke ƙara wa inji ƙarfi, ke yin ja don zafi idan an taka mota ya san Allah ne kawai ya kiyaye. Na fitar da yara muka koma can ƙarƙashin wata bishiya, hannuna na karkarwa.

Janwe ya kai ta wani garejin masu motocin Jamus. Ogan wurin ya ciro tiyon ya murza shi a hannu, ya nuna min rubutun jikinsa: J30R7. Ya ce, "Alhaji, wannan ai na mota mai kafireta ne. Taka famfonta na tura mai da ƙarfin da ya kai 3 zuwa 4 a ma'aunin bar, kuma idan turbo ya buɗe ƙaruwa yake yi." Ya ɗauko wani tiyon mai lamba J30R9 ya sa na lanƙwasa su biyun, na ji bambancin kauri da kaina. Kilif ɗin ma ya ce haƙoransa ne suka ci robar, ya sa masu santsin ciki waɗanda ke matse tiyo ko'ina daidai. Kafin ya kwance komai sai da ya zare fiyus ɗin famfon mai ya bar motar ta mutu da kanta, ya cire kan batir. Makanikin farkon ko tunanin haka bai yi ba, tsumma kawai ya tara. Ogan ya canza tiyon zuwan mai da na dawowa duka, da robobin nozul huɗu, sannan ya kunna ki sau uku yana bin kowace mahaɗa da farar takarda yana neman danshi. A nan kam ya burge ni.

Amma fa sun ɓata min rai. An ce in zo Talata, sai Alhamis da yamma na karɓi mota, waya kuma sai na kira sau biyar kafin a ɗaga. Na dawo gida na tarar murfin injin na girgiza, ashe sun karya ƙugiya ɗaya ba wanda ya faɗa min, kujerar direba kuma duk baƙin mai. Kuɗin aikin ma ya kusa ninka abin da muka yi magana da farko, wai robobin nozul ba sa ciki. Da na yi ƙorafi sai ogan ya ce yaran ne, zai nemo min murfin.

Wata biyu ke nan, na je Kaduna sau biyu na dawo, babu wari ko kaɗan. Aikin tiyo dai zan sake kai musu, amma zan tsaya a kansu har su gama. Murfin kuma har yanzu ina jira.